Ƙulli Na Biyar a Igiyar Tasalla

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Tasalla. Haka na ƙirga. Ɗiyarta Delu ta ce sha biyu ne, wai na tsallake daminar da fara ta cinye gero. Da can da na yi gardama. Yanzu na daina yarda da ƙirgata, saboda haka ku ɗauki ta Delu.

Ni ne Tanko na unguwar maɗinka, a nan Maska. Ban yi karatu ba. Malam Ilu ne ke rubuta wannan, ina faɗa yana sa wa a takarda, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Na roƙe shi ya karanta ta ranar kasuwa a rumfar maɗinka, domin a nan na yi ɓarnar da zan faɗa. Amma kafin ɓarnar, sai kun san wadda na ɓata wa aiki.

Mu ba 'yan birni ba ne. Ƙauyenmu yana gindin duwatsu wajen Funtuwa, ko in ce a can yake da. Mahara suka zo da kaka, ana cikin yankan dawa. Ban wuce shekara tara ba. Tasalla ta fizge ni ta tura cikin wani kogo, ta shigo bayana, ta jawo dutse ta toshe bakin. Kwana uku muka yi. Ko hannuna ba na gani. In na buɗe baki zan yi kuka sai ta sa tafinta ta rufe. Da muka fito, mu biyu muka rage a gidanmu. Iyakar abin da zan faɗa kan wannan ke nan.

Tun daga ranar Tasalla ba ta ƙara shiri da duhu ba. Wata gwaggonmu ta riƙe mu a Maska. Aka aurar da Tasalla ga wani maɗinkin riguna, ta kama sana'ar matan gidan: suyar gyaɗa, matsar mai, ƙuli-ƙuli. Mata da yawa suna yi. Ita dai takan ce ba mai take sayarwa ba, haske take sayarwa. In aka aiko sayen man fitila sai ta tambaya, "Me za a gani da shi?" Wanda aka aiko ya tsaya yana zare ido. Ta ce, "Koma ka tambayo. Tuwo za a ci, ko baƙo ake jira, ko ɗinki maigidan zai yi?"

A wancan zamani magana biyu ake da ita a kan fitila: tana ci, ko ta mutu. Tasalla ce ta raba haske gida-gida, ta raɗa wa kowanne suna. Na ƙasa shi ne hasken loma. Lagwaninsa sili biyu, harshen wutar bai fi kunnen ɓera ba, iyakarsa hannu ya sami baki. Sai hasken fuska, sili huɗu, wanda in mutum ya shigo ɗaki za ka gane shi ba sai ya faɗi sunansa ba. Sai hasken allura, sili bakwai na abawar auduga mai kyau, da man da aka bari kwana uku ya kwanta aka tsiyaye na samansa. Wannan shi ne abincin maɗinka. Mai aikin riga ba ya son fitila kusa da shi, domin ɗigon mai ɗaya ko hayaƙi kaɗan ya isa ya ɓata aikin wata biyu. So yake tana can cikin alkuki, ɗan gurbinta a jikin bango, amma haskenta ya isko masa kafar allura. Akwai na huɗu, hasken wasali, na malamai masu rubutu, amma shi ba a samunsa sai shekarar da gyaɗa ta yi kyau.

Ba ta tsaya ga suna ba. Ta ce suna ba awo ba ne, kowa yana iya kiran jakinsa doki. Ta sa aka gina mata ɗan ɗaki a bayan gida, ba taga, ƙofar ƙarama, ana rufe ta da tabarma biyu. Ko da rana tsaka ka shiga, kamar kogon nan yake. Ta kafa turke ƙarƙashin alkuki, ta ɗaura igiyar rama, ta auna da taƙin hannunta, kowane taƙi ta yi masa alama. Awon kuwa ga yadda yake: a kunna fitila, mutum ya riƙe allura da zare, ya bi igiya yana ja da baya. Inda ya ƙare iya zura zare, nan ne ƙarfin fitilar. Alama ta ɗaya loma. Ta uku fuska. Ta biyar allura. Ta bakwai wasali. Man ma da nasa awon. Ƙaramin ludayinta ɗaya ya riƙe hasken allura daga magariba zuwa lisha. In bai riƙe ba, tukunyar miya za shi, ba kaskon fitila ba. Babu tulun da ke fita gidan sai ya bi ta ɗakin nan.

Ni a lokacin ba na nan. Na bi fatake, na yi dako, na yi abubuwan da ba sai Malam ya ɓata tawadarsa a kansu ba. Na dawo Maska da furfura a gemu da ƙafar hagu da ba ta lanƙwasawa. Gona ta fi ƙarfina. Matar da na aura ta ga ba za ta iya ba ta tafi, ban ga laifinta ba. Na zauna a zauren Tasalla, lokacin mijinta ya riga ya rasu, ina cin tuwonta ina hararar masu wucewa. Abu ɗaya ya rage mini, ido. Daga kan ganuwa nakan ƙirga shanun Fulani a fadama, har in gaya maka wadda ke ɗingishi.

Wata rana da hantsi ta fito zaure ta ce, "Tanko, tashi. Tuwon banza ya ƙare."

Ta kai ni ɗakin awo ta danƙa mini allura. Na lura igiyar ta sake. Da alamun shuni ne a jikinta, na gan su sa'ad da na taɓa leƙawa. Yanzu ƙulli ne, kowane taƙi ƙulli. Ban tambaya ba. Ta kunna fitila, na ja da baya, na zura zare a na ɗaya, a na biyu, har na biyar. A na shida ya ƙi.

"Nawa?" in ji ta.

"Biyar."

"Haka na ce. Daga yau kai ne idon awo."

Shekara bakwai muna haka har ta rasu. Ita takan tsuguna gaban alkuki, ta kai tafinta bisa harshen wutar, ta karkata kai kamar mai sauraron gulma, wani lokaci ta shinshina. Ni ina baya da allura. In na ce huɗu sai ta ce, "Man bai kwanta ba, tana tari," ta mayar da tulun. Tari a bakinta shi ne 'yar ƙarar da fitila ke yi in akwai ruwa a mai. In harshen yana kaɗawa alhali ba iska, ta ce tana rawa, lagwani bai murɗu daidai ba. In yana baƙin hayaƙi ta ce tana fushi. Maɗinka suka san ni. In na ratsa rumfarsu sai a ce, "Idon awo, sannu da zuwa." In na ce tulun nan biyar ne, ba mai sake tambaya. Ban taɓa zama wani abu ba kafin nan. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya kai ni ya baro.

Ranar da za ta rasu, da azahar, rana na dukan tsakar gida, ta ce a kunna mata fitila. Na ce, "Yaya, rana ce fa." Ta ce, "Na sani. Kunna." Na kunna, na ajiye kusa da shimfiɗarta. Ta miƙa tafi ta bar shi a gefen wutar. Ta ce fuska ce, na yi mata rowa. Kafin la'asar ta cika. Na ɗauka zafin ciwo ne ya sa ta neman fitila da rana.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce in ta leƙo yau. Kalmominta sun fi ta yawo, amma sun dawo ban gane su ba. Wani falke ya gaya mini a kasuwar Malumfashi kowace mai talla "allura, allura" take kira, ko da man ya sha ruwa kamar kunu. A Matazu wai sun yi tasu igiyar, amma da taƙin wata gajeriyar mata aka auna, saboda haka fuskarmu ce allurarsu. A nan gida samari sun mai da loma zagi. In mutum ba ya gane magana da wuri sai su ce kansa hasken loma ne. Na ji wata tsohuwa tana yabon matar ɗanta, wai wasali ce. Masu hali kuma sun fara sayen fitilar tagulla ta Nufawa mai baki uku, su kunna duka ukun, ba wanda ya san sunan wannan hasken. Allura uku ce? Wasali ne da rabi? Na tambayi wani mai ita, ya ce shi dai ya san tana da haske. Mun koma inda aka fara ke nan. Ban sani ba ko Tasalla za ta yi dariya ko za ta ɗauki muciya. Wata rana in ga kamar za ta ji daɗi sunayen sun rayu. Wata rana in ga za ta ce gara su mutu da su yi ta ƙarya.

Ni dai na ɗauki kaina mai gadinsu. Duk kasuwanni sun karkace, igiya ɗaya ce ta rage a miƙe, kuma a hannuna take. Haka nake gani.

Delu ce ta gaji sana'ar. Da uwar ta rasu, ita da mijinta suka dawo gidan, domin ɗakin awo ba ya ɗaukuwa. Hannun uwarta gare ta, amma ba ta ɗauko bakin ba. Mace ce mai shiru. 'Ya'yansu huɗu, gonar mijin ba ta kai su bazara, man fitila ne ke ƙarasa da su. Shekaru muka yi muna aiki lafiya, tana matsa ina aunawa.

Shekara uku da suka wuce, bayan kaka, na shiga awo da sabon mai, zare ya ƙi a ƙulli na biyar. Na lashi bakinsa na sake. Ya ƙi. Na matso na huɗu, ya shiga.

"Huɗu," na ce.

Delu ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Kawu." Ta mayar da tulun ta kawo wani. Huɗu. Ta kawo na uku. Huɗu.

Na ce ta rage sili. Ta miƙo mini lagwanin ta ce, "Ku ƙirga, Kawu." Na warware da yatsa, bakwai. Na ce to man ne bai kwanta ba. Ta bar shi kwana biyar. Na ce gyaɗar ce, ƙasa ta gaji. Ta aika aka sayo ta wani ƙauye. Na ce audugar ce. Na ce igiyar ce ta miƙe da tsufa, na auna ta da nawa taƙin, na ƙara rikicewa, domin taƙina ya fi na Tasalla. Kafin damina ta kama mun sauka uku.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kowane abu in ka ɗauke shi shi kaɗai lafiyarsa ƙalau. Sili bakwai. Mai garau, na ɗanɗana. Kasko wankakke. Harshen wuta in na kara yatsa gaɓa biyu ne cif, kamar kullum. Ba ta tari, ba ta rawa. To ina hasken ya tafi? Har wurin mai magani na je, ko an yi wa ɗakin asiri. Ya ba ni turare. Muka turara ɗakin, na fito ina tari, awo kuwa uku.

Da na rasa wanda zan kama, na kama na kusa. Na ce a raina matar nan tana da wata dabarar da ban gano ba, tana haɗa man da wani abu, ta raina ni don uwarta ba ta nan. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wata ranar kasuwa Malam Barau, babban rumfar maɗinka, ya tare ni ya ce, "Idon awo, kwana biyu ba mu ga tulun gidanku ba. Lafiya?"

Da na ce lafiya da an wuce wurin. Sai na ɗaga murya a gaban kowa na ce, "Tulun gidanmu ya bi mai shi kabari. Abin da ake matsa yanzu fuska ce ake kira allura. Ni ba na sa bakina a kan algus."

Wani ya ce, "Ɗiyar yayarka fa, Tanko."

Na ce, "Igiya ba ta da ɗiya."

Na ji daɗin maganar nan a bakina. Har maimaita ta na yi a hanya.

Magana zarar bunu ce. Kafin kasuwa biyu maɗinka sun koma wasu gidaje, mata suka bi bayansu. Delu ta koma ƙuli-ƙuli da man miya, wanda kowace mace a unguwar ke yi. Tuwon gidan ya rage kauri. Na san ana rage na yara a cika nawa, na kuma ci. Mijinta ya daina zama a zaure in ina nan. Ita ba ta taɓa ce mini kanzil ba. Kullum da safe ta durƙusa ta gaishe ni ta ajiye mini kunu. Duk sa'ad da ta matsa mai kuma sai ta ce, "Kawu, a zo a auna." In auna in ce uku, daga baya ma biyu. Ta ce to.

Wadda ta warware mini abin ba malama ba ce, ba ta ma salla. Gwamma ce, Bamagujiya mai ginin tukwane daga wani ƙauye a hanyar Malumfashi. Ita ke gina wa Tasalla kasaken fitila tun suna da ƙarfinsu, aminai ne, sun san cikin juna. Ta tsufa ta daina zuwa, sai dai ta aiko da kaya. Bana da rani ta zo da kanta a kan jaki, domin labari ya kai mata na ce kasakenta ma suna shan mai. Na kuwa faɗa.

Ta same ni a zaure da azahar. Ba ta gaishe ni ba.

"Kai ne gurgun da ke zagin yumɓuna?"

"Ni ne. Kaskonki yana shan mai."

"Kanka ne ke shan mai. Tashi mu je ɗakin."

Muka shiga mu uku da Delu, aka sauke tabarmi. Na ji Gwamma tana motsi gaban alkuki tana yi wa Delu raɗa. Aka kunna. Ta ce in auna. Na bi igiya, na sami uku da ƙyar.

"Uku," na ce. "Ya ɗan fi na jiya."

"Fitila nawa ke ci?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ɗaya."

"Matso ka taɓa."

Na matso na miƙa hannu. Kasko uku ne manne da juna a alkukin, kowanne da wutarsa. Na ƙone yatsa a na ukun. Ni kuwa abin da nake gani dunƙule ɗaya ne, kamar wata a bayan gajimare. Zaren ma, in gaskiya zan faɗa, na daɗe hannu ne ke zura shi don sabo.

Gwamma ta ja ni waje, ta juya fuskata ga rana, ta buɗe mini ido da yatsunta masu kaushi. "Yanar ido ce," in ji ta. "Duka biyun. Irin ta yayarka."

"Tasalla ba ta taɓa ciwon ido ba."

Ta yi dariya har da tari. "Shekara bakwai ka zauna da makauniya kana cin tuwonta. Wa ke ƙulla igiya in yana ganin shuni? Ranar da ta kasa ganin alamarta, ni na riƙe mata igiyar ta ƙulla. Washegari ta kira ka."

Na juya wajen Delu. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Kawu. Ni ke jera mata kaya inda hannunta zai same su. Ta ce kada kowa ya ji. In maɗinka suka san makauniya ke sayar da haske, an gama."

"Nawa idon fa? Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar huɗun farko. In kun fita nakan koma in gwada. A biyar nake zurawa."

"Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Da wane bakin, Kawu? In na faɗa, me zai rage muku?"

An sare ni, an ɗaure ni, kaya sun taɓa danne ni a hanya har na yi salati. Ba wanda ya kai wannan.

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ni sanin ma bai haskaka mini komai ba, ƙara rikita ni ya yi. Na zauna ina bin shekarun nan bakwai ɗaya bayan ɗaya. Yadda take jan mayafi ta rufe fuska in ta fito rana, in ce hayaƙin suya ne ya dame ta. Tafinta bisa wuta. Kunnenta. Hancinta. Fitilar da ta nema da azahar. Da "haka na ce" ɗin nan. Kullum in na kira ƙulli sai ta ce haka na ce, sau da yawa ma kafin in buɗe baki ta riga ta ja tulun gefen masu fita ko masu komawa. Ashe ta san amsa tun ban zura zare ba. To in ta sani, me take yi da ni? Na tambayi Gwamma kafin ta tafi. Ta ce, "Tana bukatar ido a gaban maɗinka." Jakin ya yi gaba kaɗan, ta waiwayo ta ce, "Ko kuwa kai ne ke bukatar abin da zai tashe ka daga zaure. Ban tambaye ta ba." Na tambayi Delu, ta ce Inna ba ta faɗa ba. Har yau ban sani ba ko ni na rufa mata asiri ko ita ta rufa mini. Wata rana in tashi da tabbacin ni ne idonta. Kafin la'asar in ga kamar tafin nan ne da ta rufe mini baki da shi a kogo, bai taɓa sauka ba.

Akwai wani kuma. Ido ba mudu ba ne, an ce, amma ya san kima. Mu mudu muka mai da shi. Igiya ba ta sake ba, ƙulli yana inda yake, amma biyar ɗin da muke rantsuwa da ita ta idon Tanko ce a shekarun da idon ke da rai. To hasken allura na wane ne? Na fitila ko na mai kallo? Na tambayi Malam Ilu yanzun nan, ya ajiye alƙalami ya ce yana saurayi da hasken fuska yake karatu, yanzu wasali ma ba ya isarsa. Watakila matan Matazu da gajeren taƙinsu ba su fi mu kuskure ba. Ban sani ba. Na bar wa masu ilimi.

Ga abin da na sani, kuma don shi na sa a rubuta. Ku maɗinkan Maska, Malam Barau da na kusa da shi, ku ji. Man Delu ɗiyar Tasalla bai taɓa sauka daga biyar ba. Babu algus. Sili bakwai ne, mai kwantacce ne, kasko na Gwamma ne. Wanda ya sauka ni ne. Abin da na faɗa a rumfarku ƙarya ce. Ban san ƙarya nake yi ba, amma rashin sanin bai mayar wa yaranta tuwon da suka rasa ba. Na ce igiya ba ta da ɗiya. Tana da ita.

Kada ku ɗauki maganata a wannan karon ma. Kun ɗauka sau ɗaya kun ga inda ta kai. Ɗakin yana nan, mijin Delu ya fasa masa ƙofa ta waje. Ta ce daga yanzu babu idon awo. Duk mai saye ya zo da allurarsa da idonsa ya bi igiyar da kansa, inda ya tsaya nan ne nasa. Mutum biyu sun riga sun zo, domin har gida na bi su. Ɗaya ya sami biyar. Ɗayan ya sami shida, yana ta murna kamar shi ya matsa man. Sauran ban sani ba ko za ku zo. Bunun da aka zare ba ya komawa, amma ba a barin ɗaki yana yoyo.

Me ya rage na Tasalla? Sunayenta suna yawo a kasuwanni, wasu sun zama ƙarya, wasu sun zama zagi. Ludayinta ya tsage an ɗinke. Igiyar tana nan, ta yi baƙi da man hannu. Sai ɗiyar da ta gwammace a kira ta mai algus da ta kira kawunta makaho. Ban san ko in yaba wa uwar kan wannan tarbiyya ko in yi mata faɗa ba. Shirun da ya tashe ni daga zaure shi ne ya kusa kashe gidan.

Ni kuma na koma koyo da tsufa. Jiya da hantsi na sa Delu ta kunna mini ɗaya ba tare da ta faɗi ko wacce ce ba. Na zauna gaban alkuki, na miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasawa, na rufe ido, na kai tafina bisa wutar yadda Tasalla ke yi. Na ji ɗumi. Na karkata kai, ban ji tana tari ba. Na daɗe, sannan na ce, "Allura."

Delu ta yi shiru. Na san shirun nan, shekara uku ina jinsa. Na ce, "Kada ki ce mini to."

Ta ce, "Loma ce, Kawu. Sili biyu."

Na ce ta ƙara mai mu sake.

Allah ya ji ƙan Tasalla, ya haskaka kabarinta. Malam, rubuta da hasken wasali. Ba ta son duhu.